Wace Matatar Ruwa Ce Ta Dace da Ƙaramin Tankin Jatan Lande da Dodon Koɗi?

Masu kallo, ga ƙaramin tankin gilashi mai cin lita 20, da jajayen jatan lande a ciki da dodon koɗi kaɗan suna kiwo a jikin gilashin. A 'yan kwanakin nan ana ta yaɗa cewa matata mai ƙarfin inji ce ke tsaftace ruwa, kuma mutane da dama sun saya, sai suka wayi gari 'ya'yan jatan landensu sun ɓace.

Ku dubi bakin wannan bututun da ke zuƙar ruwa zuwa cikin irin wannan matatar. Jatan landen da aka ƙyanƙyashe yau tsawonsa bai wuce milimita 2 ba, tsagogin bakin bututun kuwa sun fi shi faɗi, don haka ruwa ke fizgarsa zuwa cikin fankar injin. Ƙananan dodon koɗi ma sukan shiga su maƙale har fankar ta tsaya.

Sai dai babban kuskuren yana wajen fahimtar aikin matatar kanta. Ba dattin da ido ke gani ne ke kashe waɗannan halittu ba, amoniya ce, wadda ke fitowa daga kashinsu da ragowar abincin da ya ruɓe, kuma ruwa zai iya yin garau alhali yana cike da ita. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke juya ta zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan wasu, irin su Nitrospira, su mayar da shi naitiret mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta hanyar sauya wani kaso na ruwan kowane mako. Waɗannan ƙwayoyi a jikin abubuwa suke liƙewa, kuma suna buƙatar ruwa mai iskar oksijin ya riƙa ratsa su a hankali. Saboda haka abin da za a duba wajen saye shi ne yawan wurin da za su zauna.

Shi ya sa nake fifita matatar soso, wannan da kuke gani tana fitar da kumfa. Injin hura iska ne ke tafiyar da ita, ruwa na ratsa dubban ramukan soson, babu fankar da za ta niƙe komai. Ku lura da yadda jatan landen suka taru a kanta suna tsintar abinci. A ganina wannan kaɗai ya isa dalili.

Amma sabon soso ba ya aiki ranar da aka sa shi. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin su yawaita, kuma bai kamata a zuba jatan lande ba sai gwajin ruwa ya nuna amoniya da naitirait sun koma sifili. Idan soson ya toshe, a matse shi cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin, domin kilorin da ke cikin ruwan famfo na iya kashe ƙwayoyin da aka daɗe ana jira. Launin ƙasa-ƙasan da ya yi ba abin damuwa ba ne.

Wanda ya riga ya sayi matatar da ake rataya a bayan tanki, ya sa wa bakin bututun hular soso, ya kuma rage gudun ruwan. Babbar matatar da ake ajiyewa ƙarƙashin tebur ta yi wa lita 20 yawa. Gawayin tace ruwa ba dole ba ne. A kan bututun iska kuwa a ɗaura ɗan makarin da ke hana ruwa komawa baya, ko a ajiye injin sama da saman ruwan, domin idan wuta ta ɗauke ruwan tankin zai iya biyo bututun ya malale a ƙasa.