Ruɗin Tunani: Me Ya Sa Hujja Ba Ta Kawar da Shi?

Masu kallo, barkanmu da war haka. A ce wani mutum ya wayi gari ya shaida wa iyalinsa cewa mai karanta labarai a talabijin da shi yake magana, motar da ta tsaya a ƙofar gida an turo ta ne ta sa masa ido, kuma an dasa wata na'ura a cikin bango tana naɗar duk abin da ya faɗa. Iyalin suka fasa bangon, suka nuna masa babu komai a ciki, amma maimakon hankalinsa ya kwanta sai ya ce ai an riga an cire ta kafin su duba. Wannan shi ne abin da likitocin ƙwaƙwalwa suke kira ruɗin tunani, wato mutum ya yi imani da abin da ba haka yake ba, ya riƙe shi gam, hujja kuma ta kasa girgiza shi.

A shekarar 1913 wani likita Bajamushe, Karl Jaspers, ya kawo alamu uku da ake gane wannan hali da su: tabbacin da babu shakka a cikinsa, rashin sauyawa ko da an kawo hujja, da kuma kasancewar abin da aka yi imani da shi ba gaskiya ba ne. Alama ta uku ita ce mafi rauni a cikinsu, domin mai ruɗin kishi yana iya zargin matarsa da cin amana, zargin kuma ya zo daidai da gaskiya, amma idan dalilinsa shi ne fitilar kan titi ta mutu da ƙarfe tara na dare, to hanyar da ya bi ya kai ga zargin ita ce ba ta da lafiya. Haka nan, abin da al'ummar mutum gaba ɗaya ta yi imani da shi ba ya shiga wannan lissafi.

Ruɗin tunani ɓangare ne na wani yanayi mafi faɗi da ake kira saikosis, inda alaƙar mutum da zahiri take raunana. A cikinsa akwai jin muryoyin da babu mai yin su, akwai gane-gane, akwai kuma magana da ta warwatse har mai sauraro ya kasa bin zarenta. Saikosis alama ce kamar zazzaɓi, cututtuka da yawa suna kawo ta. Akwai sikizofiriniya, sunan da likita Eugen Bleuler na ƙasar Suwizalan ya ƙirƙira a 1908, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa tana damun mutum kusan miliyan 24, wato ɗaya cikin 300. Akwai matsananciyar damuwa, da cutar da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi sannan ta jefa shi cikin ƙunci, da tabar wiwi mai ƙarfi, da ƙwayoyi irin su amfetamin, da rauni ko ciwo a ƙwaƙwalwa, da doguwar rashin barci. Gado yana da nasa kaso, amma ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba, tunda a tagwaye masu kama ɗaya ana yawan samun ɗaya ya kamu, ɗayan kuma ya rayu lafiya.

To, ta yaya mutum mai hankali, wanda wataƙila malami ne ko injiniya, yake kai wa ga irin wannan imani? A nan ne batun ya fi buƙatar natsuwa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna dofamin, wanda ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne ya sa wa abu alamar muhimmanci, ya ce wa mutum wannan abin ka kula da shi. A 2003 likita Shitij Kapur ya bayyana cewa a lokacin saikosis wannan alama tana sauka a kan abubuwan da ba su cancance ta ba. Tarin da wani ya yi a cikin mota, launin rigar mai wucewa, lambar da ke jikin wata ƙofa, duk sai su zo wa mutum da nauyin da ba a saba ba, kamar suna ɗauke da saƙo. Marasa lafiya da dama suna bayar da labarin makonni ko watanni da suka yi cikin fargaba, suna jin cewa duniya ta sauya kuma wani abu yana shirin faruwa, ba tare da sun san mene ne ba. Zuciyar ɗan Adam ba ta jure zama babu bayani. Ranar da bayanin ya zo, cewa ai bin sa ake yi, sai komai ya hau kan layi, har mutum ya sami wani irin sauƙi. Shi ya sa hujja take faɗuwa: mai kawo ta yana jayayya da bayanin, shi kuwa mara lafiya yana kare abin da ya ji a jikinsa, kuma jin da ya yi na gaske ne.

Wani ruɗi da likitan Faransa Joseph Capgras ya bayyana a 1923 yana ƙara haska wannan. Mai fama da shi yana kallon matarsa ko mahaifiyarsa, ya yarda cewa fuskar ita ce, amma ya dage cewa wata ce aka musanya. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, sashen da ke gane fuska yana aiki, amma ɗumin zuciyar da ke zuwa tare da ganin masoyi ya yanke, sai ƙwaƙwalwa ta nemo dalilin da zai cike giɓin.

Maganin zamani ya soma ne a 1952 a birnin Paris, lokacin da likitoci Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada wani magani mai suna kulofuromazin a kan marasa lafiyarsu. Daga baya aka gano cewa shi da magungunan da suka biyo bayansa suna rage tasirin dofamin ne. Ba sa goge imanin dare ɗaya. Abin da aka fi gani shi ne tunanin ya daina damun mutum, ya ja baya a hankali, sannan shakka ta samu wurin shiga. Suna da illoli, kamar ƙiba, kasala da rawar jiki, kuma bai kamata a ɓoye wa mara lafiya wannan ba, domin illolin suna cikin manyan dalilan da ke sa mutane su daina sha. Ana haɗa magani da zaman tattaunawa da ƙwararre da kuma tallafin iyali, kuma bincike ya nuna cewa gwargwadon saurin fara magani, gwargwadon kyawun sakamako.

Ga wanda yake zaune da mai wannan hali, gardama ba ta da amfani, gaskata ruɗin kuma yana ƙara masa ƙarfi. Abin da ya fi shi ne a ce masa: ni ban ga abin da kake gani ba, amma na ga kana cikin tsoro, kuma ina so mu nemi taimako tare. Yawancin masu saikosis ba sa cutar da kowa, hasali ma su aka fi cutarwa. Sai dai akwai lokutan da ba a jira: idan muryoyin suna umartar mutum ya cutar da kansa ko wani, idan ya daina ci da sha saboda zargin guba, idan ruɗewar ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko kuma idan saikosis ta kama mace cikin 'yan kwanaki ko makonni bayan ta haihu, yanayin da ke samun mace ɗaya ko biyu a cikin kowace haihuwa 1,000. A irin waɗannan lokuta a kai mutum asibiti a ranar.