Amsoshin Tambayoyinku: Sojojin da aka karrama bayan sun mutu

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta fito daga wani malamin makaranta a Maraɗi. Yana tambaya: wai da gaske ne akwai sojojin Amurka baƙaƙen fata da sai bayan mutuwarsu aka ba su lambar jarumta? Me ya hana a ba su suna raye?

Da gaske ne, Malam. Lambar da ta fi kowace daraja a sojan Amurka ita ce Medal of Honor. Baƙaƙen fata fiye da miliyan ɗaya suka sa kaki a yaƙin duniya na biyu, amma har aka gama yaƙin ko ɗayansu bai same ta ba. Ai ba soja ke neman lambar da kansa ba. Kwamandansa ne ke rubuta takardar shaida, ta bi hannu-hannu har sama. A wancan zamani rundunar baƙaƙe daban, ta farare daban, manyan hafsoshin kuwa galibi farare ne. Wata takardar ta ɓace a hanya, wata a rage mata daraja, wata ma ba a rubuta ta ba sam. Sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawar da wariya a cikin soja.

A 1993 rundunar ta sa masana a Jami'ar Shaw su binciki tsofaffin takardu, suka kuma tabbatar an yi son kai. A watan Janairun 1997 Shugaba Clinton ya ba mutum bakwai lambar. Ɗaya kaɗai, Vernon Baker, ke da rai. Cikin mamatan akwai Laftanar John Fox, wanda a Disamban 1944 sojojin Jamus suka yi wa ƙawanya a wani ƙauyen Italiya, Sommocolonia. Ya buga wa 'yan igwar rundunarsu waya ya ce su yi ruwan wuta a daidai inda yake tsaye. Suka ja hankalinsa cewa shi ma zai tafi, ya ce su harba. Shekara 52 matarsa ta jira kafin ta karɓi lambarsa.

Wata baiwar Allah daga Zangon Kumasi kuma ta ce: to mene ne amfanin lamba ga wanda ke kwance a kabari?

Hajiya, ga mamacin kam babu, ba sai an yi kwana-kwana ba. Ki dubi Henry Johnson, wani sojan Amurka baƙar fata na yaƙin duniya na ɗaya. A Mayun 1918, a dajin Argonne na Faransa, shi da abokinsa Needham Roberts suka tare harin Jamusawa cikin dare. Da bindigarsa ta cije, da wuƙa ya ci gaba da faɗa, ya hana a tafi da abokin nasa. Faransa ta ba shi lambarta ta Croix de Guerre nan take. Ƙasarsa ta yi masa fareti, sannan ta manta da shi, ya mutu cikin talauci a 1929. Amfanin da nake gani ɗaya ne: hukuma ta amsa laifinta a rubuce, yara kuma za su karanta sunan a makaranta. Ko da Shugaba Obama ya ba Johnson lambar Medal of Honor a 2015, ba a samu wani na jininsa da zai karɓa ba, sai wani babban saje na dakarun jihar New York ya karɓa a madadinsa.