Mai ɗaga wayar agaji ya san abin da zai tambaya

Jama'a masu sauraro, a makon jiya tukunyar gas ta fashe a wani gida a unguwarmu nan Jos, ta ƙone wata baiwar Allah a fuska da hannuwa. Kafin a samo keke napep, maƙwabta sun riga sun lafta mata man goge baki da ɗanyen ƙwai, wani har da manja. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo. Amma ba wanda ya zuba mata ruwa, ba kuma wanda ya kira lambar gaggawa ta 112, wai ko an kira me za a ce musu?

To, me za a ce musu? Wannan tambayar ta tsaya mini a rai. Duk wanda aka zaunar ya amsa kiran gaggawa, dole a ajiye masa rubutattun tambayoyi a gabansa, kuma ya iya yin su da Hausa.

Ya fara da wurin: wutar ta mutu? Ana jin warin gas? Akwai wayar lantarki a ƙasa? Mu mutanen Jos ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Ranar 20 ga Mayu, 2014, bam na biyu a kasuwar Terminus ya tashi ne bayan jama'a sun taru ceton waɗanda na farko ya rutsa da su, aka rasa rayuka sama da 100. "Ku ja baya" umarni ne da ya kamata ya fito daga bakin mai ɗaga waya tun daƙiƙar farko.

Sai numfashi. Muryarsa ta dushe? Gashin hancinsa ya babbake? Akwai baƙin hayaƙi a bakinsa? Irin wannan, maƙogwaronsa na iya kumbura ya toshe, ko da yanzu yana magana. Haka wanda fashewa ta jefar: zai iya miƙewa ba ɗigon jini, alhali huhunsa ya ji rauni a ciki. Asibiti za a nufa da shi, ba gida ba.

Girman ƙunar kuma akwai ma'auni a jikin kowa. Tafin hannun wanda ya ƙone, har da yatsu, kusan kashi 1 ne cikin 100 na fatarsa. Tafi nawa ne? Ko yaro zai iya ba da amsa. Daga nan sai a ce a yi ta kwarara ruwa mai sanyi na minti 20, amma kada a sa ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, kada a fizge rigar da ta manne, a kuma lulluɓe sauran jikin, musamman yara a sanyin nan namu na Filato.

Wasu za su ce ai motar asibiti ba ta zuwa da wuri, tambayoyin na mene ne? Haba jama'a! Ai saboda jinkirin ne ake buƙatar su. Daga Anguwar Rogo zuwa asibitin koyarwa da ke Lamingo tafiya ce, kuma minti 20 ɗin nan ba ya jiran kowa. Rubutattun tambayoyi ba sa cin man fetur. A rubuta su, a horar da masu amsa kira, a shelanta wa jama'a a rediyo da masallatai da majami'u.

Baiwar Allahn nan tana asibiti har yanzu. Sai da ma'aikatan jinya suka ɓata lokaci suna wanke man goge bakin nan, tana ihu, kafin su ga zurfin ƙunar.