Jawabin tunawa da Baba Mafarauci a taron ƙungiyarmu na Agege

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, malamanmu, iyayenmu da ke zaune a gaba, da 'yan'uwa da suka taso tun daga Mile 12 da Idi Araba da Alaba Rago duk da goslo ɗin yau, Allah ya saka da alheri.

Yau kwana arba'in kenan da muka kai Baba makwancinsa a maƙabartar Agege. Yaran yanzu sun san shi ne a matsayin dattijon nan na abbatuwar Oko-Oba, amma mu da muka taso a gabansa mun san mutumin daji ne. A gefen dajin Falgore aka haife shi, a hannun mahaifinsa ya koyi farauta, da kaka ta yi aka gama girbi sai a kwashi karnuka da gora da kwari da baka a nausa, kuma wallahi Baba in ya duba ƙasa sai ya ce maka wannan sawun gada ne, wannan na zomo ne, kuma da asuba ta wuce ba da daddare ba. Bai taɓa yarda a harbi dabba mai ciki ba, ba ya fita farauta da damina, in yaro ya cinna wa daji wuta don kama gafiya ranar sai ya sha faɗa.

Tirelar shanu ce ta kawo shi Ikko amma daji bai bar jininsa ba. Da bai samu daji ba sai ya koma ruwa, ranar Lahadi ba ka ganinsa a unguwa, yana Epe ko Badagry cikin kwalekwalen masunta, a can ya iya Yarbanci fiye da mu duka, ya dawo da tarwaɗa da karfasa ya raba gida gida ko sisi ba ya karɓa. Shi ya fara kai ni Argungu na ga yadda ake faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora ana neman giwan ruwa, shi ya kai mu Yankari muka yi wanka a ruwan Wikki mai ɗumi, yana nuna mana marke da maɗaci da kaɗanya yana faɗin maganin da kowanne ke yi.

To wannan sanin itatuwan ne ya sa da fitsari ya fara ba shi wahala ya ɗauka sanyi ne, ya yi ta shan sassaƙe da jiƙo kusan shekara guda bai gaya wa kowa ba, sai da jini ya fara fita tukuna Inna ta matsa aka je asibiti, likita ya ce ciwon daji ne na prostate, wato ƙullun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, kuma ya riga ya taɓa ƙashi. Shi da bakinsa yake ce mana ya shiga dazuzzuka da yawa ya fito, wannan karon dajin ne ya shigo cikinsa.

Shekara 3 yana fama, kemo, wato maganin kansa mai ƙarfi, da gashin na'ura da robar fitsari, mutumin da ɗaki ba ya riƙe shi sai ga shi ana juya shi a kan katifa. Inna da babbar 'yarsa su suka sha wannan jinya, Allah ya biya su. Mu kuwa shekarar farko mun yi zarya, daga baya ƙafa ta ɗauke, har da ni, kuma abin yana damuna har yau. Zuwan ƙarshe da na raka shi asibiti muna kan gadar Third Mainland ya ce a sauke gilashi, ya yi shiru yana shaƙar iskar ruwa yana kallon masuntan Makoko har muka sauka, ban iya ce masa komai ba.

Iyayena da yayyena, duk wanda ya haura shekara 50 don girman Allah ya je a yi masa gwajin jini na PSA da ake duba alamar kansar prostate da shi, wannan ciwon shi ne kansar da ta fi kama maza a Najeriya, kuma in ka ga kana ta tashi fitsari da daddare ko yana fita da ƙyar kar kunya ta sa ka yi shiru. Sannan akwai sauran bashin magani a kan iyalinsa da yara biyu a makaranta, ma'aji yana bakin ƙofa da littafi, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa kafin ya fita.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Malam, a ja mana addu'a.