Tsohuwar Kasuwar Garin Nan da Rabonmu a Gyaranta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaba, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa da ƙannena matasa, barkanmu da haɗuwa. Sannu da ƙoƙari musamman ga waɗanda suka tashi daga aikin dare suka zarce nan ba su ko runtsa ba. Na roƙi shugaba 'yan mintuna ne kan wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kwanakin baya majalisar ƙaramar hukuma ta kira taron jin ra'ayin jama'a kan gyaran tsohon dandalin kasuwar garin nan namu na Ingila, na kuwa je. An lilliƙa zane-zane a bango, ga injiniyoyi, ga kansiloli, ga tsofaffin gari kowa da takardarsa a hannu. Aka tattauna inda tasi za ta riƙa tsayawa, da yawan rumfunan da za a bari, da abin da za a yi da benayen da ke saman shaguna. Na waiga hagu da dama, ban ga fuska ɗaya daga cikinmu Hausawa mazauna garin ba. Alhali mu nawa ne a ɗakin nan ke jiran fasinja a dandalin? 'Yan'uwanmu mata nawa ne suka daɗe suna neman rumfa? A gabana aka yanka, aka raba, ba wanda ya ambace mu, kuma ban ga laifinsu ba, don ba su gan mu ba.

Na san abin da muke faɗa a tsakaninmu: tarihinsu ne, ina ruwanmu, baƙo raɓa ne. To, raɓar da ta haifi 'ya'ya a nan, ta sa su makaranta, tana biyan harajin gida duk wata, ai ta zama ruwan gari.

Ku dubi ma asalin irin waɗannan garuruwa. A Ingila ta dā, gari ba ya cin kasuwa sai da takardar izinin sarki. Altrincham da ke kusa da Manchester ta sami tata a 1290. Har akwai tsohuwar ƙa'ida cewa kada a kafa sabuwar kasuwa kusa da wata sai da tazarar mil 6 da kashi 2 cikin 3, wato abin da mutum zai taka da safe, ya ci kasuwa, ya koma gida kafin dare. Kun ga tun farko dandalin nan don mai zuwa daga nesa aka share shi. Wurin baƙi ne tun ranar da aka kafa shi.

Yadda ya mutu kuwa a idonmu aka yi. Manyan kantuna suka koma bayan gari inda ake da filin ajiye mota, sayayya ta koma intanet, bankuna suka rufe rassa. Cikin manyan kamfanonin kantuna, Woolworths ta durƙushe a ƙarshen 2008 da shaguna kusan 800, Debenhams ta bi a 2021, Wilko a 2023. Shago na rufewa sai indararo ya toshe, ruwa ya bi bango, danshi ya ci katako, maƙwabci ma ya tattara.

Da tsohuwar zuma ake magani, kuma dabarar da hukumomi suka kama ke nan. Maimakon rusau, sai a mai da tsohon ginin jarin gari. Tun 1967 doka ta ba da damar keɓe unguwa guda a matsayin wurin da ake kare fasalinsa, aka fara da garin Stamford, yau kuma akwai irinsu kusan 10,000 a Ingila. Daga 2020 zuwa 2024 hukumar Historic England, mai kula da tsofaffin gine-ginen tarihi, ta gudanar da shiri na fam miliyan 95 a titunan kasuwa fiye da 60, a garuruwa irin su Hexham da Selby da Tewkesbury da Leominster. Yadda aikin ke tafiya shi ne, a ba mai gini tallafi, shi ma ya kawo nasa kason. A cire allon roba da ya rufe fuskar shago, a dawo da taga da ƙofar katako yadda suke a tsofaffin hotuna. A kankare simintin da aka lafta wa tsohon bulo, domin siminti yana kulle danshi a ciki har bulon ya rube, a mayar da kwaɓin farar ƙasa irin na dā wanda ke barin bango ya sha iska. Ɗakunan sama da suka shekara a kulle a mai da su gidajen haya, domin idan mutane na kwana a tsakiyar gari, titi ba ya mutuwa da magariba. Matasanmu da ke neman sana'a, ku saurara da kyau: magina da kafintocin da suka iya wannan aiki sun yi ƙaranci a ƙasar nan, ana nemansu ruwa a jallo.

Ga wani abu da ba zan ɓoye ba. Daga cikin kuɗin wancan shiri, fam miliyan 3 daga asusun cacar ƙasa suka fito, kuma asusun yana cikin manyan masu tallafa wa irin wannan aiki. Idan wata rana ƙungiyarmu za ta nemi tallafi, sai mu zauna da malamanmu mu tantance ta ina kuɗin ya fito. Amma zuwa taro a faɗi ra'ayi ba ya buƙatar karɓar ko kwabo.

Bari in koma Altrincham, domin darasinta biyu ne. A 2010 kusan kashi 30 cikin 100 na shagunanta a rufe suke, jaridu na kwatance da ita. Aka gyara tsohon zauren kasuwarta, aka sake buɗe shi a 2014, jama'a suka dawo, har a 2018 ta ci lambar titin kasuwa mafi kyau a Ingila. Madalla. Sai dai duk garin da ya farfaɗo haka, kuɗin haya bin sa yake yi, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne farkon wanda ake turewa waje. Abin da ke hana ni barci ke nan. Idan ba a rubuta tun a takardar tsari cewa za a ware rumfuna masu sauƙin haya ba, bayan an yanke kyallen buɗewa ba wanda zai tuna. Lokacin faɗa yanzu ne, tun zanen yana kan takarda.

Kuma doka ta buɗe mana ƙofofi. Idan aka nemi izinin sauya wani gini, ana ba jama'a kwana 21 su rubuta ra'ayinsu, ba a tambayar launin fasfo. Dokar 2011 ta ce mutum 21 da ke cikin rajistar zaɓen yanki za su iya neman a sa wani gini cikin jerin kadarorin al'umma. Idan mai shi ya tashi sayarwa, sai a dakata har wata 6 don jama'a su tara kuɗi su taya, ko da yake ba dole ne ya sayar musu ba. Mu nan mun ninka 21. Da yawanmu 'yan ƙasashen Commonwealth ne masu takardar zama, muna da ƙuri'a a zaɓen kansiloli, amma wasu ko rajista ba su yi ba. A Hebden Bridge, ƙungiyar mutanen gari ce ta karɓi babban ɗakin taron garin daga hannun ƙaramar hukuma a 2010, ita ke gudanar da shi. Mu da muke yawon hayar ɗaki duk lokacin suna ko walima, wannan bai isa ya sa mu tunani ba?

Don haka, mai girma shugaba, ga roƙona. A ba ni mutum 5 yau kafin mu tashi: mace biyu aƙalla, direban tasi ɗaya, da matashi wanda hannunsa ya faɗa da rubutun Turanci. Aikinsu su riƙa bibiyar sanarwar majalisa, su halarci kowane zama, su dawo su yi mana bayani da Hausa. Sannan iyayenmu da suka shekara 30 ko 40 a garin nan, ku taimaka ku buɗe akwatunanku. Masu aikin suna tattara tsofaffin hotuna da labaran baka na dandalin, ina so a ji muryar wanda ya sauka a nan da jaka ɗaya cikin sanyin hunturu, ya fara sayayyarsa a rumfunan nan. A watan Satumba, lokacin da ake buɗe tsofaffin gine-gine kyauta, mu kwashi yaranmu mu shiga zauren kasuwar tare.

Takardar rubuta suna tana wajen sakatare a bakin ƙofa. Na riga na sa nawa.

Na gode. Wassalamu alaikum.