Lacca: Yadda Ake Bin Salsalar Furitan na Farko a Amurka

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau a kan Turawan nan ne da ake kira Furitan, Kiristocin Ingila da suka ga cocin ƙasarsu bai gyaru yadda suke so ba, suka haye teku zuwa arewa maso gabashin Amurka. Tsakanin 1620 da 1640 kimanin mutum 20,000 suka ƙaura, akasarinsu da iyali, kuma a yau miliyoyin Amurkawa daga tsatsonsu suka fito. Abin da nake so ku riƙe shi ne, dacewar suna ba hujjar nasaba ba ce. Sai an karanta takardun mutanen nan bisa ƙa'idar zamaninsu.

Mu fara da jiragen ruwa, domin nan mai koyo ke fara ɓata lokaci. Jirgin Mayflower na 1620 ya ɗauko fasinja 102, kuma mun san su ne saboda gwamnan Plymouth, garin da fasinjojin suka kafa, William Bradford, ya rubuta sunayensu bayan kusan shekara talatin, da waɗanda suka mutu da waɗanda suka hayayyafa. Amma ayarin John Winthrop na 1630, jirage 11 da mutum kusan 700, bai bar cikakken jerin fasinja ba. Jerin da ake gani yau masu bincike ne suka harhaɗa shi daga baya. Rajistar tashar Landan ta 1635 ce mafi amfani, tana ba da suna da shekaru, wani lokaci har da sana'a.

Don haka daga takardun gari ake farawa. A 1639 hukumar Masacusets, yankin da Furitan suka zauna, ta umarci a riƙa rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Ku lura, aure a wurinsu aikin alƙali ne a shekarun farko, ba na limamin coci ba, saboda haka a littafin magatakardan gari za a neme shi. Baftisma kuwa sai 'ya'yan cikakkun membobin coci ake yi wa, har zuwa 1662 da aka sassauta. Rashin sunan yaro a littafin coci ba ya nufin ba a haife shi a garin ba.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure: kwanan wata. Har zuwa 1752 shekarar Ingila da yankunanta a ranar 25 ga Maris take farawa. Janairu da Fabrairu da yawancin Maris suna cikin tsohuwar shekara. Wani malamin cocin Furitan, Cotton Mather, an haife shi ranar 12 ga Fabrairu, a lissafinmu 1663, a nasu 1662, shi ya sa ake rubuta 1662/63. Idan ka ga an ɗaura aure a Afrilun 1640, aka haifi ɗa a Fabrairun 1640, kada ka ce ɗan ya riga auren, wata goma ne bayansa. Kuma da yake Furitan da yawa suna ƙyamar sunayen watanni don asalinsu na maguzancin Rumawa ne, sai su rubuta lamba. Wata na ɗaya a wurinsu Maris ne, na goma Disamba. Wanda ya karanta wata na bakwai a matsayin Yuli ya kauce da wata biyu, Satumba ake nufi.

Sunaye ma suna da nasu tarkon. Idan yaro ya rasu, sukan maida sunansa ga ƙaninsa, sai ka tarar da Mary biyu ko uku a gida ɗaya. In aka liƙa wa John biyu laƙabin babba da ƙarami, ba lallai uba da ɗa ba ne, magatakarda ne kawai yake bambanta masu suna ɗaya a gari, kuma in babban ya mutu ƙaramin ya gaji laƙabin. A cikin wasiyya, kalmar da yau take nufin suruki tana iya nufin agola, “ɗan'uwana” kuma yana iya zama mijin ƙanwa ko abokin ibada. Dubi gidan Mather ɗin nan: Richard Mather ya auri matar da John Cotton ya mutu ya bari, ɗansa Increase kuma ya auri 'yar John Cotton. Surukar Increase ita ce kuma matar ubansa.

In babu takardar haihuwa, akwai ƙiyasin da masana ke amfani da shi: namiji yakan yi auren fari wajen shekara 25, mace wajen 20, tazarar haihuwa kuma shekara biyu. In ka ga giɓin shekara huɗu ko biyar, ka nemi yaron da ya rasu ko matar da ta mutu aka auro wata. Takardun rabon gado sukan warware wannan, domin babban ɗa namiji kaso biyu yake ɗauka, kuma akan ambaci 'ya'ya mata da sunayen mazajensu.

Aiki mafi wuya shi ne haɗa mutumin Amurka da gidansu a Ingila. Rajistar coci a can ta fara tun 1538, amma samun suna iri ɗaya a shekarar da ta dace bai wadatar ba. Sai ka tabbatar wannan mutumin ya ɓace daga takardun ƙauyensu a lokacin ƙaura, ba a binne shi can yana yaro ba, sannan ka sami takarda mai haɗa ɓangarorin biyu, galibi wasiyya. John Harvard, wanda jami'ar Harvard ta ci sunansa, ya rasu a 1638, an kuma daɗe ba a san iyayensa ba. Henry Waters ne ya gano su a ƙarni na 19 ta hanyar karanta wasiyyoyin Landan. Ubansa Robert mahauci ne a unguwar Southwark ta Landan, annobar 1625 ta kashe shi. Uwarsa Katherine ta sake aure sau biyu, don haka wasiyyarta da sunan mijinta na ƙarshe take. Mai neman sunan Harvard kaɗai a jerin wasiyyoyi zai wuce ta bai sani ba.

Ina jan kunnenku game da tsofaffin littattafan dangi. Wani Gustave Anjou, wanda ya mutu a 1942, ya yi shekaru yana ƙaga wa masu kuɗi nasabar ƙarya yana jingina su ga manyan gidajen Ingila, yana cakuɗa takardun gaskiya da na jabu, kuma har yau ana kwafar aikinsa a intanet. Kafin ku yarda da duk wata salsala, ku gwada ta da kundin Robert Charles Anderson a kan wannan ƙaura, wanda ƙungiyar masu binciken nasaba ta Boston, wadda aka kafa a 1845, take wallafawa. Shi yana nuna takardar da ya dogara da ita a kan kowace magana, inda babu kuwa ya rubuta cewa ba a san asalin mutumin ba.