Yuro 90 Na Sayi Ɗan'uwan Madaci a Jamus

Assalamu alaikum jama'a. Mutanen Katsina ta Korau ina gaisuwa, na Daura ma ban bar ku a baya ba. Yau a ɗakin ƙasa nake, inda nake ɓarnar katako ina haɗa jitar lantarki, shi ya sa kuka ga hasken ba kyau. Kuma gaskiya raina a ɗan ɓace yake, ga dariya kuma tana cina.

Ku dubi wannan katako. Bari in matso da shi gaban kyamara. Kun ga janja-janjan nan, kun ga yadda layukansa ke walƙiya idan na karkata shi? Kaurinsa bai kai yatsu uku ba, faɗinsa iya cikin jita ɗaya. Yuro 90 na biya, kowa ya buga da canjin yau ya gani. Dattijon mai shagon ya ɗauko shi da hannu biyu, yana ta yi mini bayanin cewa mahogani ne na Afirka, daga nesa ya zo, ba kowa ke samunsa ba. Na duba takardar da ke manne a jiki, na nemo hoton bishiyar a waya, sai na ga ganyen madaci. Madaci fa! Wanda muke wucewa a gefen titi duk an sassaƙe masa jiki saboda maganin ciwon ciki. Na ce masa Baba, wannan bishiyar a inuwarta na yi wasan ƙasa. Ya ɗauka raha nake yi.

Kada wani masani ya kama ni, bari in gyara zancen. Dangin bishiyar sunansu Khaya, kuma ba iri ɗaya ba ne. Wanda kamfanoni suka fi sa wa a jita na kurmi ne, daga kudancin Nijeriya da Gana da Kwaddebuwa. Namu na arewa ya fi shi nauyi da tauri, saboda a ƙasa mai ƙarancin ruwa ya tashi. Amma gida ɗaya suka fito. Har a arewacin Ostareliya an yi gonaki na irin namu, ana shuka shi don katako kawai. Mu kuwa sassaƙe muka sani.

Ba shi kaɗai ba ne ma. Baƙin katakon nan mai tsada da ake shimfiɗawa a fuskar wuyan jita, inda yatsu ke taka tsirkiya, dangin kanya ne. Jitocin nan masu siffar kibiya da kamfanin Gibson na Amurka ya fitar a 1958, da katakon Afirka ta Yamma aka yi su. Ga madobiya, wadda aka yi ta kwasa daga dazukan Taraba ana lodi zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da duniya ke sa wa cinikinsu ido a 2017. Shi ma madacin da danginsa an sa su a taron da aka yi a Panama a ƙarshen 2022, don haka yanzu gungumensa ko katakonsa ba ya tsallake iyaka sai da takarda. Wanda ke shirin cewa zai cika mini akwati da katako ya aiko, don Allah ya dakata. Kuma ban ce kowa ya ɗauki gatari ba. Hamada na bakin ƙofarmu, duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Kwangwalam ya san ba mu da bishiyar zubarwa. In kana son katako, nemi tsohuwar ƙofa, ko tsohon tebur na makaranta da aka jefar. Wannan ya riga ya bushe tun kafin a haife ka.

Bushewar nan ita ce rabin kuɗin da na biya, ba wani sirri ba. Masu sana'ar suna lissafin shekara guda ga kowane inci na kauri, sannan a ƙarasa a ɗakin zafi har damshin cikinsa ya sauko wajen kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Mu kuwa a 'yan katako yau a yanka, gobe a buga kujera, hunturu na zuwa ta tsage, a ce kafinta ne bai iya ba. Alhali ya iya. Akwai wani kawuna kafinta a wajen Ƙofar Ƙaura, da zarto da magagari kawai yake fitar da ƙafar gado mai lanƙwasa. Wallahi cikin jita wasan yara ne a wurinsa.

To, yadda na faɗa wannan harka. Ni aikina daban, jita abin huce gajiya ne. Na fara da irin wadda ake sayarwa a kwance cikin kwali, komai an yanka, kai ne za ka goge da samfefa, ka yi fenti, ka ɗaure. Ba ta kai Yuro 100 ba. Ga ta can a rataye, mai ruwan ƙasa. Wani abokin aikina da ke da jitar kamfanin Fender ta Amurka, wadda kuɗinta ya doshi Yuro 2,000, ya zo ya kaɗa ta ya yi shiru, sai ya ce wa ya daidaita mata wuya? Na ce wani Bakatsine ne. Mu kunya gare mu, ba ma son yabon kai, amma abin da ya faru ke nan.

Abin da ya fi burge ni a tarihin abin shi ne, Leo Fender ɗin da sunansa ke jikin jitocin, bai iya kiɗan jita ba. Mai gyaran rediyo ne a wani gari Fullerton a Kalifoniya. Tunanin mai gyara ya yi: a yanko katako shafaffe, a ɗaura masa wuya da sukuru huɗu, in wuya ya lalace a kwance a sa wani. A 1950 ya fitar da wadda daga baya aka sa wa suna Telecaster, a 1954 ya kawo Stratocaster. Gibson kuwa da ya fitar da Les Paul a 1952, manne wuyan ya yi da gam, ga ta da nauyi, wata ta haura kilo 4. Tana da daɗin murya, ban musa ba, amma ni ba zan ba ɗan gida shawarar ya fara da ita ba. Ta faɗi sau ɗaya kan ya karye, ka shiga uku. Mai sukuru kuwa, ranar da za ka taho gida sai ka sassauta tsirkiya, ka kwance wuyan, ka naɗe cikin babbar riga ka sa a akwati.

Yanzu ku zo ku ga wurin da ba a wasa. Wannan ma'aunin ƙarfe da na shimfiɗa, daga inda tsirkiya ta tashi a saman wuya zuwa inda ta sauka a kan gada, milimita 648 ne, tsarin Fender ke nan. Na Gibson ya ɗan fi gajarta, wajen 628. Cikin ƙarafunan nan da aka jera a gicciye a kan wuya, na 12 dole ya faɗi a tsakiya cif, wato 324. Sauran ƙarafunan kowanne da lissafinsa: ka raba abin da ya rage na tsawon da 17.817, abin da ya fito shi ne tazarar na gaba. Ka kuskure da milimita guda, duk kyan fentinka jitar za ta riƙa yi maka ƙarya, ka ɗaure ta daidai a sama, ka gangaro ƙasa murya ta karkace. A nan "ai ba komai, haka ma ya yi" ba ta aiki. Shi ya sa nake cewa in ka fara, sayi wuya haɗaɗɗe, ka sassaƙa cikin da kanka.

Af, na tuna. Da Hajiyarmu ta ga jitocin nan a bayana muna waya, sai ta yi salati ta ce, yanzu kai da aka tura neman na kai, roƙo ka koma? Na ce Hajiya ba na zuwa biki, ba na yi wa kowa kirari, kafinta ne ni da dare. Ta ce to kafintan ya turo kuɗin cefane. Mu dai haka muke, mu so kiɗa, mu raina makaɗi. Jihar da ta haifi Shata ce fa. Kuma maƙwabtanmu na Nijar sun yi nisa. Mdou Moctar, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko, yau yana cika zauruka a nan Turai, Jamusawa na biyan kuɗi suna tsalle. Daga Katsina ka bi ta Jibiya ka shiga Maraɗi ba wata tafiya ba ce, amma a fagen jita sai ka ce ba a sama ɗaya muke ba. Ina kallonsu sai kewar gida ta kama ni, don wani kaɗin da suke yi da yatsa, na rantse na ji shi a gurmi.

Mu dawo. Mutane na ta musu a kan ko katako ne ke ba jitar lantarki murya. Ni ra'ayina, bayan na kashe Yuro 90 ɗin nan da hannuna, katako na ba ka nauyi da kyau da daɗin riƙo, amma murya tana wajen wannan ɗan abin. Sunansa fikof. Bari in buɗe muku. Kun ga sanduna shida, maganaɗisu ne, kowace tsirkiya da nata. An naɗe su da wayar tagulla siririya kamar gashin jariri, zagaye wajen 8,000. Tsirkiyar ƙarfe na kaɗawa a samansa, sai ɗan lantarki ya taso a cikin naɗin, ya bi waya ya tafi amfilifaya. Iya abin ke nan. Mai naɗi ɗaya muryarsa garau take, amma yana kwaso gurnanin wutar gida. Wani injiniyan Gibson, Seth Lover, shi ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna, gurnanin ɗaya ya kashe na ɗaya, aka fara sa shi a jitoci a 1957. Muryarsa ta fi kauri. In za ka canza, ka kula da makunnin ƙara: mai naɗi ɗaya an fi haɗa shi da makunni mai lamba 250k, mai biyu da mai 500k. Ɗan abin bai fi Yuro 5 ba, amma yana canza murya fiye da yadda kake zato.

Don haka in kana da 'yan kuɗi, kada ka bi suna. Sayi jitar Squier ko Yamaha ta hannu wadda wuyanta yake a miƙe, ka runtse ido ɗaya ka hango shi daga sama zuwa ƙasa. In ya murɗe, ajiye musu kayansu ko kyauta ne. Sauran duk ana canzawa.

Gargaɗina ga wanda zai kai jita gida, biyu ne, kuma na farko hunturu ne. Jita ta fi son damshin iska wajen kashi 45 zuwa 55. Hunturun Katsina kuwa kun san shi, leɓe ma tsagewa yake. Wuyan zai tsuke, bakin ƙarafunan ya leƙo ta gefe ya riƙa yankar maka hannu, sai ka bi su da ƙaramin magagari a hankali. Nan ma haka ake fama idan an kunna na'urar ɗumama ɗaki. Damina ta zo kuma wuyan ya sake motsi. Akwai sandar ƙarfe a cikinsa da ake juyawa a daidaita shi. Kwata ɗin zagaye za ka juya, ka bar shi ya kwana, ka sake dubawa. Kada ka ba wani mai ƙarfin hannu ya ɗaure maka ita tamau, in ta tsinke wuyan ya tashi aiki.

Na biyu wuta, kuma wannan ba na dariya ba ne. Wutar nan Jamus da ta gida duk volt 230 ce, amfilifaya daga nan za ta yi aiki a can. Ta Amurka 120 ce, ka soka ta a Katsina sai hayaƙi. Sannan tsirkiyar jita a haɗe take da wayar ƙasa ta amfilifaya. Gidajenmu da yawa ba a binne musu wayar ƙasa ba, ga janareto, ga inbata. In amfilifaya ta samu matsala, kai da ke riƙe da tsirkiya kai ne hanyar wutar. Ka ji tana ɗan cizonka a yatsa ko a leɓe wajen makirufo, kashe ka kira mai wayarin. Amfilifaya mai kwalabe kuwa kada ka buɗe bayanta, tana riƙe wuta sama da volt 400 ko bayan an zare ta daga bango.

Ni dai abin da ke cina, duk abin da ke jikin jitar nan akwai mai yin sa a garinmu. Kafinta na nan. Mai gyaran rediyo da ƙarfen narka dalmarsa na nan. Masu fentin mota za su fesa mata launin da ko a nan sai an tsaya kallo. Su kuma masu naɗin fanka da janareto, ai aikin fikof suke yi kullum ba su sani ba, wayar ce kawai ta fi tasu sirantaka. Don haka ina da saƙo: duk wanda ya san mai naɗi mai haƙuri a cikin birni, wanda hannunsa ba ya rawa, ya tambaye shi ko ya taɓa aiki da siririyar wayar nan ta fikof mai lamba 42. In bai taɓa ba, maganaɗisun da wayar ni zan kawo in Allah ya kai mu babbar Sallah, shi ya kawo hannu.

Ƙarfe goma ta kusa, kuma a nan daga goma na dare ba a ƙara, gobe Lahadi ma ko injin huda ba a kunnawa. Matar da ke saman bene tana da kunne. Bari in rufe hanci in ɗan goge gefen nan da hannu, don ƙurar katakon nan tana sa tari. Sai Litinin mu yanka ramin wuya.